Jarin Ɗan Zango: Daga Hanyar Gwanja Zuwa Kwatano

A shekarar 1999 Peter Drucker, wanda Turawa ke ɗauka uban ilimin tafiyar da kamfanoni, ya rubuta wata maƙala a mujallar Harvard Business Review yana cewa zamani ya zo da kowane ma'aikaci zai riƙe kansa yadda shugaba ke riƙe kamfani: ya san inda ya fi ƙarfi, ya san abin da ake nema a wurinsa, ya kuma yi tanadin abin da zai yi idan shekaru suka ja. A 2010 Clayton Christensen na jami'ar Harvard ya ɗora a kai, ya ce lokacin mutum da ƙarfinsa jari ne, kuma inda ya zuba su nan ne ainihin tsarinsa, ba abin da yake faɗa da baki ba. Yau maganar ta zama kasuwa mai zaman kanta, ga littattafai, ga tarukan horarwa, ga bidiyoyin waya, ana tallata wa matasanmu ita a matsayin sabon ilimi daga ƙetare. Wanda ya san tarihin Zongon Kwatano, unguwar da ke tsakanin titin Saint-Michel da tashar jirgin ƙasa da tashar jiragen ruwa, da wuya ya yarda cewa sabo ne. Mutanen zango sun gaji tsarin da a cikinsa rayuwar mutum, daga ƙuruciya zuwa tsufa, ke tafiya a kan lissafin fatauci. Sai dai nasu ya sha bamban da na littattafan a wuri biyu, kuma a ganina wuraren biyu su ne suka riƙe shi har yau: jarin da suke tarawa amana ce da mutane kafin kuɗi, sannan tsarin nasu yana da ranar fita daga kasuwa.

Zangunan ƙasar Benin sun girmi Kwatano nesa ba kusa ba. A ƙarni na 19 babbar hanyar goro tana tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, ta ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, ta ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Paraku da Jugu, ta gangara Salaga a ƙasar Gwanja, inda mutanen Asante ke kawo goro daga kurmi. A 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da wani ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja, maza da mata fiye da 1,000, dabbobin kaya ma kusan haka. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya tattara labaran tsofaffin fatake ya wallafa a 1980, ya nuna cewa gidaje uku ne suka riƙe kan wannan ciniki: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Tafiya da dawowa takan ci wata shida zuwa shekara guda. Ana ɗaukar kanwa da turkuɗi da riguna da jemammun fatu da gabu, a sayar da wani abu a zangunan hanya don biyan garama ga sarakuna da kuɗin fito ga masu jirgi, a isa da ragowar a juya shi ya zama goro.

Duk wanda ya ɗan natsu a kan wannan tafiya zai ga cewa ba aikin ɗan kasada ba ne. Goro kaya ne mai rai. In ba a naɗe shi da ganyen fita ba, a riƙa kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa ana tsince mai sankara, kafin a ga ganuwar Kano rabin huhu ya tafi. Tashi sai da kaka bayan ruwa ya janye daga rafuka, dawowa kuma kafin damina ta kama mutum a dajin Bargu, inda mafasa suka yi suna. Saboda haka falke yana rayuwa ne da kalanda, kuma iyalinsa ma haka: ana sanin watan da mai gida zai tashi, da abin da zai bari a rumbu, da wanda zai tsaya wa gida. Shi kansa ayarin hukuma ce mai tafiya. Madugu ke yanke ranar tashi da wurin sauka, shi ke ciniki da sarakunan hanya kan abin da za a biya. Jagaba yana gaba, uban dawaki yana tattara kuɗin garama daga hannun kowa gwargwadon kayansa, ga malamin ayari mai duba rana da riƙon lissafi. A wannan makaranta aka koyi ƙa'idar da har gobe ita ce farkon abin da ake gaya wa yaro a rumfa: uwar kuɗi daban, riba daban, kuma wanda ya ci uwa ya ci gobensa. Dukan abin da littattafan zamani ke faɗa game da raba jari da kuɗin cefane bai wuce wannan ba.

Yadda wannan gado ya sauko bakin teku labari ne na rushewar hanya ɗaya da buɗewar wata. A 1874 Ingila ta ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan Salaga ya karye, sannan yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, fatake suka bazu Kete Karachi da Kintampo da Kumasi da Ankara da Lome. A daidai wannan lokaci Faransa ke kafa ƙafa a Kwatano, wani ɗan ƙauyen bakin ruwa da yarjejeniyoyin 1868 da 1878 suka ba ta. Ta gina gadar saukar kaya a cikin teku a farkon shekarun 1890, ta yaƙi Sarki Behanzin na Dahome daga 1892 zuwa 1894, kuma a cikin rundunar kwamandanta Dodds akwai sojojin da ake kira Hausawa. Aikin layin dogo ya fara a 1900, bai kai Paraku ba sai a tsakiyar shekarun 1930, tsawon kilomita 438, kuma a nan ya tsaya. Daga can sai mota zuwa Malanbil da Gaya. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa tsakanin Dahome, wato Benin ta yau, da Nijar, a 1965 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta zamani, kasuwar Dantokpa kuma ta bunƙasa a bakin ruwa har ta shiga sahun manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Hanyar da a da ke ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma ta juya ta zama daga arewa zuwa kudu, Kwatano ta zama ƙofar Nijar zuwa teku. Zongo ya cika da Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa Musulmi, masu tumaki da shanu, mahauta, masu albasa, 'yan canji, dillalai da direbobi, babban masallacin unguwar kuma ya zama cibiyarsu.

Jaki ya koma jirgi, jirgi ya koma tirela, amma ginshiƙin tsarin bai canza ba, wato mai gida. Baƙon da ya sauko da garke ko da buhunan albasa bai san yaren Fon ba, bai san Faransanci ba, bai san wa ke biyan bashi wa ke gudu da shi ba. Mai gida ke saukar da shi, ya ciyar da shi, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, kuma idan an sayar da kaya bashi shi ne ke lamuni: in mai saye ya ƙi biya, daga aljihunsa za a fitar. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Badun a 1962 da 1963, ya ga yadda dukan cinikin shanu tsakanin Arewa da mahautan Yarabawa ke tafiya bashi, ba takarda ba kotu, a kan kalmar masu gida 'yan ƙalilan. Emmanuel Grégoire kuwa, a bincikensa kan alhazan Maraɗi da ya fito a 1986, ya tarar cewa su da kansu suna auna babban ɗan kasuwa da arzikin mutane, wato yawan barori da abokan hulɗar da zai iya aikawa Kano ko Kwatano ya kwanta ya yi barci. To, a irin wannan duniya, me mutum zai tara tun yana yaro? Suna. Kuɗi ana iya ranta masa, suna kuwa ba mai ranta wa wani.

Daga nan matakan rayuwa suka fito, kuma a bayyane suke ga kowa. Yaro yana shiga hannun mai gida, sau da yawa ba mahaifinsa ba, ya yi shekaru yana shara da ɗaukar kaya da kai saƙo, ba albashi sai ci da sutura da ɗan abin sabulu. Ana gwada shi da ƙaramin aike kafin babba. In ya tsallake, sai a bar shi ya yi dillanci ya riƙa samun la'ada, ko a ba shi kaya ya kai wani gari a raba riba, abin da malaman fiƙihu ke kira ƙiradi. Sannan mai gida ya yi masa aure, ya yanka masa jari, ya sallame shi, amma sallamar ba rabuwa ba ce, sabon reshe ne. Wanda Allah ya buɗa wa sai ya sayi gida, ya fara saukar da baƙin kansa, ya ɗauki yaran wasu. Bayan haka sai Makka. Bayan Makka kuma, a hankali, sai a ga alhaji ya rage zuwa kasuwa, 'ya'ya da yara sun karɓi rumfa, shi yana zaure yana sulhu, yana bin karatun da fatauci ya hana shi, yana gina masallaci ko rijiya. Abin da Drucker ya ce ma'aikacin zamani ya rasa, wato shirin rabin rayuwa na biyu, a zango ba mutum ke ƙirƙiro wa kansa ba, jama'a ce ta riga ta shimfiɗa, har tana zargin dattijon da ya ƙi hawa kai. Tsohon da ake gani yana kokawar ciniki da sa'o'in jikokinsa ba yabonsa ake yi ba.

Akwai kuma wani abin da masu kallo daga waje kan tsallake, shi ne zakka. A mazhabar Malikiyya, wadda littattafanta irin su Risala da Muhtasar ke hannun malaman zango, an raba 'yan kasuwa gida biyu. Mai ajiye kaya yana jiran kasuwa ta yi kyau yana fitar da zakka ne idan ya sayar. Mai jujjuya kaya kullum kuwa, irin mai rumfa, dole ya sa wa kansa wata guda a shekara da zai zauna ya ƙidaya tsabar da ke hannu, ya yi wa kayan da ke ƙasa kima, ya haɗa da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya cire wanda ake bin sa, in abin ya kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin 40. Duk akawun da ya karanta wannan zai gane takardar ƙarshen shekara ce. Bambancin shi ne ba gwamnati ke nema ba, kuma wanda ya yi maguɗi ya san wa ya yi wa. Mutumin da ba ya rubuta komai duk shekara, addini ya tilasta masa ya san matsayinsa sau ɗaya a cikinta.

Za a ce, ina tsari ga mutanen da bakinsu ba ya rabuwa da “arziki na Allah ne” da “rabo”? Wannan tuhuma tsohuwa ce, kuma tana jin magana ne ba ta kallon aiki. Mutumin da ke cewa rabo shi ne dai wanda ya raba dukiyarsa, wani abu a kaya, wani a gida, wani a shanu can arewa, wani a adashi, don kada gobara ɗaya ta cinye duka. Alhassan Ɗantata, ɗan Agalawan Bebeji da aka haifa a 1877, ya ga hanyar ƙasa ta mutu sai ya koma ɗauko goro ta jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano aka buɗe layin a 1912 sai ya juya ga gyaɗa. Wannan ba halin mai jiran tsammani ba ne. Aikin da imani da rabo ke yi a kasuwa wani ne daban: yana raba mutum da asararsa. Wanda arzikinsa ya karye ba tare da ya ci amanar kowa ba, ana cewa jarrabawa ce, a haɗa masa jari ko a mai da shi dillanci ya sake hawa. Wanda ya ci amana kuwa, ko da kuɗinsa, ya mutu a zango, kuma labarinsa zai riga shi isa Paraku da Gaya. Koyarwar zamani da ke cewa kai ne kamfanin kanka ba ta da wannan mafita, domin in kamfani ya rushe, kuma kai ne kamfanin, ba sauran wanda za a tayar.

Tuhuma ta biyu ta fi nauyi. Ana cewa tsari ne na ka, ba rubutu, shi ya sa dukiya ke mutuwa tare da mai ita. Rabin farko ba daidai ba ne sosai: fatake sun yi wasiƙu da Larabci da ajami, har Imam Umaru, haifaffen Kano da ya bi hanyar Gwanja ya rasu a Kete Karachi a 1934, ya rubuta littafi kan yadda ake tsara wasiƙa. Amma rabi na biyu gaskiya ne, kuma ba amfanin musu. Lissafi da yawa yana cikin kan mai gida. Ranar da ya faɗi, masu bin bashi su bayyana, waɗanda ake bi su ɓace, rabon gado ya yanka jari gunduwa-gunduwa tsakanin mata da 'ya'ya. Gidan Ɗantata, wanda ya ɗore bayan rasuwarsa a 1955 har jini ya kai ga Aliko Ɗangote, ana ambatonsa ne saboda irinsa ba su da yawa. Iyakar abin da zan ƙara shi ne, ma'aunin da ake amfani da shi na kamfani ne, alhali abin da mai gida ke ƙoƙarin bari a bayansa ba kamfani ba ne, mutane ne da ya sallama. In aka ƙidaya rumfunan da suka fito daga rumfa ɗaya, gadon ya fi abin da alƙali ya raba. Wannan bai wanke sakacin rubutu ba, musamman yau da kaya ke shigowa da kwantena da takardun kwastan, kuma marayu ne ke biyan kuɗin sakacin.

Ta uku ita ce wadda mai son zango ba ya son ji. Matakan nan ba kowa aka shimfiɗa wa ba. Ayarin da Clapperton ya gani da irinsa sun yi tafiya a kan wuyan bayi, Salaga kuma kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro. Ko bayan bauta, ranar sallama a hannun mai gida take, ba a rubuce ba, kuma an sha ganin bara ya yi furfura yana jiran jarin da ba zai zo ba. Mata kuwa, waɗanda daga cikin gida suke dafa abincin sayarwa, suke adashi, suke tara kayan ɗakin 'ya'yansu da lissafin da bai gaza na mazan ba, tsaninsu gajere ne, alhali a Dantokpa, matan Fon da Gun da Mina da Yarabawa ne ke riƙe da babban cinikin atamfa. Tsarin da ya dogara da amana yana ba wanda aka amince wa iko mai yawa a kan wanda ke neman a amince masa, kuma ba duk mai gida ne ke tsoron Allah da wannan iko ba.

Duk da haka, abin da ya sa ban ɗauki tsarin a matsayin kayan tarihi ba shi ne irin girgizar da ya tsallake a Kwatano kanta. John Igué da Bio Soulé sun kira Benin ƙasar sito a littafinsu na 1992, domin arzikinta ya rataya ne a kan shigo da kaya a tura Nijeriya da Nijar, wanda ke nufin duk wani hukunci da aka yanke a Legas ko Abuja ko Yamai a rumfunan Zongo yake sauka. A Afrilun 1984 Nijeriya ta canza kuɗi ta rufe iyaka har 1986. A ƙarshen shekarun 1980 bankunan gwamnatin Benin ta Shugaba Kérékou suka durƙushe da ajiyar mutane a ciki, ma'aikata suka yi watanni ba albashi. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. A 2010 asirin ICC Services ya tonu, kamfanin da ya yi wa jama'a alkawarin ribar da babu kasuwar da ke bayarwa, ya tafi da fiye da sefa biliyan 100 na talakawa. Yana da ofis da takardu da hatimi, abin da ba shi da shi shi ne mai lamunin da za a je zaurensa a zauna. A Agustan 2019 Nijeriya ta sake rufe iyaka har Disambar 2020. A kowane karo abin da aka rubuta a takarda ya canza ba shawara, abin da ya rage wa ɗan kasuwa shi ne wanda zai ba shi kaya bashi saboda ya san ubansa, da wanda zai ɗaga masa ƙafa wata uku.

Jarrabawar da ta fara a 2023 ta fi waɗancan tsanani ga Zongo, domin hanyar arewa ce kanta ta toshe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an rufe gadar Malanbil, ɗaruruwan tireloli suka yi layi da kaya a kai. ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe ɓangarenta, Nijar ta bar nata a rufe. Manyan kaya suka koma tashar Lome, suna bi ta Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji, ƙananan kaya da fasinja kuma suka koma kwale-kwale tsakanin Malanbil da Gaya. Babban mai gida yana da inda zai juya, don Lome ma tana da zangonta, kuma da wuya a rasa suruki ko tsohon yaro a can. Nauyin yana sauka ne a matakin ƙasa. Sallama daga ribar mai gida take fita, in kaya ba sa juyawa ba abin da za a yanka, sai a ɗaga ta zuwa baɗi, aure ma ya bi ta, saurayin da ya ba da shekarunsa yana jiran jari ya fara tunanin ɗaukar babur ya shiga haya cikin gari.